Ɗakin da ke Bakin Kwari

Ranar da Bashira ta fara haɗuwa da Nuruddeen, ƙafafunsa ta gani kafin fuskarsa. Yana saman tsani a tsakar gidansu da ke unguwar Madaki, farantin sola a kafaɗa, ita kuma ta dawo daga makarantar da take koyarwa, hannuwa biyu cike da ledoji.

Ita ta sayi solar. Ta ga tallarta a waya ranar da albashi ya shigo, kafin ta gama tunani har ta tura kuɗi. Haka ta saba.

"Sannu da aiki," ta ce.

"Yawwa, sannu da dawowa, Malama," ya amsa bai waiwayo ba.

Ya haye rufin kwano. Ta ji takunsa yana tafiya a hankali zuwa bayan gida, sai kuma takun ya tsaya. Ya daɗe bai motsa ba, har mahaifiyarta Hajiya Fatimatu, wadda kowa ke kira Dada, ta ɗago kai daga tsintar shinkafa ta ce, "Yaron nan lafiya kuwa?"

Da ya sauko, Bashira ta ga dogon saurayi ne baƙi, mai ɗan saje, idanunsa a natse. Amma babu fara'a a fuskarsa. Ya ɗan russuna gaban Dada.

"Hajiya, ɗakin can na ƙarshe, akwai mai kwana a ciki?"

"Babu. Ɗakin kaya ne."

"Zan so in leƙa. Ta can ya kamata waya ta bi."

Bashira ta ɗauko makulli. Ƙofar ba ta buɗe gaba ɗaya ba, ta ci karo da kwali ta tsaya. Kwalaye ne tun daga ƙasa har rufi: kuloli, tukwane, setin faranti, labulaye, kafet a nannaɗe, bilenda ba ɗaya ba, fitilu, akwatunan atamfa. Wasu Dada ta tara tun Bashira na firamare, don kayan ɗakinta. Mafi yawa kuwa Bashira ce ta ƙara da kanta tun da ta kama aiki. Warin danshi ya buso su.

Nuruddeen bai kalli kayan ba. Can sama, ta bayan kwalayen, wani siririn haske ke shigowa ta jikin bango, a inda babu taga. Shi yake kallo.

Bayan wannan bangon kwari ne. Lokacin da Bashira ke yarinya, ɗan rami ne da ruwan damina ya haƙa, yara na tsallake shi da gudu. Kowace shekara yana ƙara zurfi, yana ƙara faɗi, yana matsowa. Bara ya cinye rabin gidan maƙwabcinsu Baba Cornelius, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shi da iyalinsa suka kwashe suka bar unguwar. Har yanzu ƙofar ɗakin girkinsu na tsaye, bayanta babu komai sai sarari.

"Ni ba injiniya ba ne, Hajiya," in ji Nuruddeen. "Amma daga sama na ga ƙasa ta zame daga ƙarƙashin ginin nan. Gindinsa a waje yake."

Dada ta ci gaba da tsintarta. "Tun mahaifinta na da rai ake faɗin haka. Ga mu nan dai."

Nuruddeen ya koma bakin aikinsa. Ya bi da wayar ta wani gefe, ya gama aikinsa, ya ba Bashira lambarsa ko da batir zai ba da matsala. Batir bai ba da matsala ba, amma washegari saƙo ya shigo mata:

"Salam Malama. Nuruddeen ne mai sola. Ina fata wuta na kamawa. Na kwana da tunanin bangon nan. Na kuma kwana da tunanin mai makullin."

Ta karanta ta sake karantawa a ofishin malamai, tana danne murmushi. Ta rubuta:

"Wuta lafiya. Bango lafiya. Mai makulli ma ta gode."

Daga nan abin ya fara. Yakan zo bayan la'asar a kan tsohon babur ɗinsa daga unguwarsu Kumbiya-Kumbiya, su zauna a zaure. Ya sa mata suna Hajiyar Kwalaye, don kusan duk zuwan da zai yi sai ya tarar da ɗan acaɓa ya kawo wani saƙo. Ita kuma ta kira shi Mai Haske. Ta gane ba mai yawan magana ba ne, amma idan tana magana yakan ajiye waya ya fuskance ta, kamar babu wani abu a duniya da ya fi labarin ɗalibanta muhimmanci.

Hadarin farko na shekara na haɗuwa a gabas, wata ranar yamma, ya ce, "Tawan, me ya sa ba za ku tashi daga gidan nan ba?"

Ta yi dariya. "Mu tashi zuwa ina? Wane gidan haya ne zai ɗauke mana kayan nan? Kuma da wane kuɗi? Ni albashina ba ya ganin tsakiyar wata."

"Kuɗin na nan ai. Yana cikin ɗakin can."

Dariyar ta ɗauke. "Kana nufin almubazzara ce ni."

"Ina nufin tsoro nake ji. Duk ranar da na ga gari ya yi duhu, zuciyata nan take zuwa."

Ta miƙe ta shige gida ba sallama. Ranar an yi ruwa, ba mai yawa ba.

Da safe kafin ta tafi aiki, ta buɗe ɗakin, ta kutsa ta tsakanin kwalaye har jikin bango. Ta sa yatsu a tsagar da hasken ke shigowa, suka shige. Ta ƙara turawa, hannun ya shige har wuyansa, ta ji sanyin iskar waje a tafinta. Ta kasa kunne. Can ƙasa, ta bayan bangon, akwai wata 'yar ƙara mai laushi da ba ta tsayawa. Yashi ne ke zuba.

Wajen fitowa ta ture wani kwali ya fashe. Filas-filas ne na shayi, iri ɗaya, kala ɗaya, duk a ledarsu. Ta tsuguna tana kallonsu. Ba ta tuna ranar da ta saye su ba.

A hanya ta tura masa saƙo:

"Mai Haske, ka yi haƙuri da jiya. Na shiga ɗakin. Ka koya min yadda ake riƙe hannu."

Amsa ta zo nan take:

"Babu wata dabara, tawan. Duk abin da ya burge ki, bar shi ya kwana. Idan gari ya waye kina buƙatarsa, ki saya. Yawanci ba za ki ma tuna da shi ba."

Abin bai zo da sauƙi ba. Ta toshe masu talla a wayarta ɗaya bayan ɗaya, tana ji kamar ƙawaye take kora. Ranar albashi ta ware wani kaso ta tura asusun da ba shi da katin cire kuɗi, sannan ta zauna hannunta na ƙaiƙayi. Sau da yawa takan tsinci kanta ta buɗe hoton wata jaka tana ƙara girmansa. Sau ɗaya ma ta faɗi, ta sayi takalmi, ta ɓoye masa, daga baya ta faɗa masa da kanta. Dariya kawai ya yi ya ce aƙalla takalmi ana tafiya da shi.

Abokiyar aikinta Debby, 'yar Billiri mai bakin ciniki, ita ta karɓi sauran aikin. Kowace safiya Bashira kan fito da abu ɗaya ko biyu a babbar jaka, cikin waɗanda ita ta saya, ba ta taɓa na Dada ba. Debby ta ɗauki hoto ta tallata wa matan cocinsu da malaman makaranta. A hankali wata 'yar hanya ta buɗe a tsakiyar ɗakin, asusun kuma ya fara nauyi. Dada ba ta sani ba.

Akwai wanda ya lura tun kafin Dada. Abdulgafar mai babban shagon kayan kicin a kasuwa, wanda rabin kwalayen daga wurinsa suka fito. Ya daɗe yana son Bashira, kuma mutum ne mai sakin hannu da gaske. Bai taɓa zuwa gaishe da Dada hannu rabbana ba. Da ya ga ƙafar Bashira ta ɗauke daga shagon, sai ya tare ta ranar da ta shiga kasuwa sayen alli da littattafai.

"Malama, laifin me muka yi? Zo ki ga abin da ya iso jiya."

Kwanukan tangaran ne masu bakin zinare. Ta ɗauki ɗaya, ta ji santsinsa, zuciyarta ta buga kamar yadda ta saba. Ta daɗe riƙe da shi kafin ta mayar.

"Suna da kyau. Ba na buƙata."

"Wa ya yi maganar kuɗi? Ɗauka kawai."

"Ba ni da wurin ajiyewa, Abdulgafar."

Ya bi ta da kallo har ta fita. Murmushin na nan a bakinsa, amma ya bar idonsa.

A makon ne Nuruddeen ya je ya gaishe da Baffa Bamanga, ƙanin mahaifin Bashira, ya gabatar da kansa. Bai ɓoye komai ba. Ya ce zai yi sadaki da lefe daidai ƙarfinsa, ba zai kama zauren biki ba, kuma yana roƙon kada a wahalar da Dada da kayan ɗaki, don ɗaki biyu ne gare shi. Baffa ya ji daɗin maganar, ya kawo wa Dada ita da murna.

Dada ba ta yi murna ba. Ta jira Baffa ya tafi, ta kira Bashira ɗakinta.

"Zauna. Abdulgafar ya zo ɗazu. Ya ce ya ga kayan shagonsa a hannun wata ƙawarki tana sayarwa. Na shiga ɗakin na gani da idona."

"Dada, nawa ne na sayar. Ban taɓa naki ba."

"Har akwai naki da nawa a ɗakin nan? Duk na wa ye?" Muryarta ba ta tashi ba, sai ma ƙasa da ta yi. "Da tabarma da ƙwarya aka kawo ni garin nan daga ruga. Dangin babanki suka yi ta shigowa ɗakina, su leƙa, su fita, in ji dariyarsu a tsakar gida. Na shekara ban ɗaga ido a gidan ba. Ranar da na haife ki na yi wa kaina alkawari, ba mai leƙa ɗakinki ya yi dariya. Yanzu wani ya zo, tun bai aure ki ba ya sa ki kwashe kayanki kina sayarwa yana karɓe kuɗin."

"Wallahi ko sisi bai taɓa karɓa ba. Dada, bangon nan..."

"Bangon nan ya girme shi. Marowaci ne, Bashira. Mai ƙyashin kashe miki tun yanzu, gobe da cefane zai yi miki ƙyashi. Kada in sake ganinsa a zaurena."

Bashira ta yi kuka a ɗakinta, ta faɗa masa a waya. Ya ce, "Uwa ce. Kada ki ɗaga mata murya saboda ni. Zan bi ta wurin Baffa."

Damina ta kankama. Ƙofar ɗakin kaya ta daina rufuwa daidai, sai an ɗaga ta. Bishiyar dogon yaro da ke bayan katanga ta karkata, saiwoyinta suna reto a sarari. Kajin Dada, da suka saba kwanciya a inuwar wannan gefen, suka koma bakin zaure. Wata safiya Bashira ta ga jerin tururuwa suna fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin ɗauke da fararen ƙwayayensu. Ta nuna wa Dada. Dada ta sa tsintsiya ta share su.

Ana cikin haka, wata Asabar, motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar gida. Abdulgafar ne ya aiko da firij mai ƙofa biyu da setin kujeru, ya ce gaisuwa ce kawai ga Dada, kuma bayan damina shi zai sa a zuba kankare a bayan gidan. Matan maƙwabta suka taru, wata ta rangaɗa guɗa. Bashira ta ce a mayar, Dada ta yi kamar ba ta ji ba. Ƙarti suka ciccibi kayan, suka cusa su a ɗakin baya, daidai filin da Bashira ta sha wahalar buɗewa. Da suka dire firij ɗin, ta ji daɓen ya amsa a tafin ƙafarta.

Ba ta san Nuruddeen na bakin layi a kan babur ba. Ya biyo ne ya duba bayan gidan daga nesa, kamar yadda ya saba yi tun da aka hana shi shiga. Ya tambayi mai shagon kusurwa, mai shago ya ce ai kayan neman aure ne aka kawo daga gidan su Abdulgafar.

Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Na ga mota a ƙofarku, na ji guɗa. Allah ya sanya alheri, ya fi ni abin da zai ba ki. Abu ɗaya nake roƙo, ko ba don ni ba: ke da Dada ku daina shiga ɗakin nan."

Ta karanta har ƙarshe. Duk abin da ta jure, ashe mota guda ta isa ta sa ya saki. Ta rubuta:

"Tunda haka ka ɗauke ni, wadda ake saya da firij, to shi ke nan. Na gode."

Bai amsa ba. Ita ma ba ta sake rubutawa ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi kowaɗanne nauyi. Ta buɗe masu tallan da ta toshe, ta zauna tana kallon hotuna, yatsanta a kan wurin tura kuɗi. Babu wanda zai gani, babu wanda zai tambaya. Sai ta ji an fara yayyafi a kan kwano. Ta kife wayar.

Washegari ta ja Debby suka zaga neman gida. A unguwar Jekadafari suka samu ciki da falo a wani gidan haya, nesa da kowane kwari, kusa da masallaci. Bashira ta kwashe abin da ta tara ta biya, ta jefa makullin a jaka. Kullum sai ta shirya yadda za ta faɗa wa Dada, kullum sai ta kasa.

Ranar da abin ya faru, tun hantsi gari ya yi tsit, babu iska ko kaɗan. Bayan azahar gabas ta yi baƙi ƙirin. Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kafin wani lokaci ƙarar kwarin ta rufe ƙarar kwano. Suna zaune da Dada a falo, Bashira ta ji wani sauti daga bayan gida, kamar ana yaga sabon yadi a hankali.

Dada ma ta ji. Ta miƙe.

"Dada, ina za ki?"

"Tasoshin nan na farko da na fara saya miki. Su kaɗai zan ɗauko."

Kafin Bashira ta riƙo ta har ta tsallaka tsakar gida cikin ruwa. Bashira ta bi ta. A cikin ɗakin haske ya yi yawa, don tsagar ta buɗe har mutum zai iya wucewa, ruwa na fesowa ta ciki. Daɓen ya karkata. Kwalaye na zamewa da kansu, a hankali, zuwa wajen bango. Dada ta durƙusa tana jan wani tsohon kwali daga ƙasa.

"Dada, ki bari. Don Allah ki bari."

Firij ɗin ya gangaro. Bai faɗi ba, zamowa ya yi, ya danne ƙafar Dada a jikin akwati. Dada ta yi ƙara sau ɗaya. Bashira ta sa kafaɗa ta tura, ko gezau. Ta sake turawa, ƙafafunta na sulɓewa a jiƙaƙƙen daɓe, tana jin ƙasa na motsi a ƙarƙashinta kamar bayan dabba.

"Fita, Bashira," in ji Dada. "Fita ki bar ni."

Sai ga wata kafaɗa kusa da tata. Nuruddeen ne, jiƙe sharkaf, babu takalmi.

"Idan na ɗaga, ki ja ta," ya ce.

Ya ɗaga. Ta ja. Suka fito da Dada tsakaninsu, rabi ɗauka rabi ja, har tsakiyar gida. Ba su kai ga juyowa ba ɗakin ya tafi. Bai yi wata babbar ƙara ba. Bangon ya sunkuya waje, rufin ya bi shi, kwalaye suka yi ta gangarawa. Da suka duba, ruwan sama ne ke sauka a inda ɗakin yake, can ƙasa kuma jan ruwa na juya wani kafet yana wucewa da shi.

Dada na zaune dirshan a cikin ruwa. Murfin tasa ɗaya ne a hannunta. Ta kalle shi, ta kalli sararin.

A asibiti aka ce ƙashin idon sawu ya tsage, aka ɗaure. Da aka sallame su, Keke Napep bai nufi Madaki ba. Dada na kallon hanya har suka tsaya a Jekadafari, Bashira ta ciro makulli ta buɗe. Debby ta riga ta share, ta shimfiɗa katifa da tabarma.

"Gidan wa ye wannan?"

"Namu ne, Dada. Kuɗin kayan da na sayar ne, da abin da na hana kaina saya."

Dada ta daɗe tsaye a kan sanda a bakin ƙofa. Sannan ta shiga ta zauna, ta juya fuska ga bango. Bashira ta ga kafaɗunta na rawa, ta fita ta ja mata ƙofa.

Nuruddeen na tsaye a waje da ledar magani.

"Me ya kawo ka ranar nan," ta ce, "alhali ka ɗauka an ba wani ni?"

"Ina kan wani rufi a Tudun Wada na ga hadarin. Ban yi tunanin ta wa ce ke ba. Na dai san inda kike."

"Ko tambayata ba ka yi ba, Nuruddeen. Mai shago ka tambaya."

Ya sunkuyar da kai. "Na ji tsoron amsar. Na ga firij, na tuna babur ɗina. Ki yafe min, tawan."

"Ni ma na faɗi abin da bai kamata ba." Ta karɓi ledar, ta tuna yadda ya shigo ranar babu takalmi. "Ka sayi takalmi dai. Wannan kam ba sai ya kwana ba."

Abdulgafar ya zo dubiya da kwandon lemo. Ya jajanta da gaske, har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Kada ki sa damuwa, Dada. Duk abin da ya tafi zan mayar da shi sabo fil, har da ƙari."

Dada ta dubi ɗan falon, ta dubi ƙafarta. "Allah ya saka da alheri, Abdulgafar. Ka yi mana kirki da yawa. Amma a bar shi haka." Sauran maganar, cewa ba shi za a ba Bashira ba, Baffa Bamanga ne ya je har shago ya faɗa masa cikin mutunci.

Sai da ƙafar ta fara takuwa Dada ta ce a kira mata mai sola. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa. Ba ta dube shi ba, carbinta take ja.

"Na kira ka da sunan da ba naka ba," ta ce. "Marowaci ba ya shiga inda ka shiga."

"Ya wuce, Dada."

"Ka turo manyanka wurin Baffanta. Amma da sharaɗi. Gado da katifa da tukwanen girki, ni zan saya mata da hannuna. Wannan kada ka hana ni."

"Ni wa, Dada? Ban isa ba."

Bashira, da ke laɓe bayan labule, ta toshe baki da mayafi.

Bayan damina aka ɗaura aure, ranar Juma'a, a masallacin unguwa. Baffa Bamanga ya yi walicci. Baba Cornelius ya zo da babbar riga ya zauna cikin dattawa a ƙofar gida, yana ba da labarin yadda kwarin ya kai gida na gaba. Aka dafa shinkafa, kowa ya ci ya ƙoshi. A-kori-kura guda ta kwashe kayan amarya, har da sauran wuri.

Da la'asar sakaliya aka fito da Bashira a lulluɓe. Ta durƙusa gaban Dada, kuka ya ci ƙarfinta. Dada ta ɗora hannu a kanta.

"Tashi, kada ki sa ni kuka gaban mutane. Na yafe miki duniya da lahira. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa gidanku ya tsaya a kan ƙasa mai ƙarfi. Ki riƙe yaron nan da kyau."

Mata suka amsa da amin.

A cikin mota, tsakanin Debby da gwaggonta, suna gangarawa Kumbiya-Kumbiya, wayarta ta motsa a hannunta mai lalle. Ta ɗaga gefen mayafi ta karanta:

"Amaryata, na share ko'ina, an jera kayan, har yanzu fili ya yi yawa. Na zaga na zaga na rasa abin da ya rage, sai na gane ke ce. Ki zo a hankali, ina bakin ƙofa."

Ta share hawaye da bayan hannu, ta rubuta masa:

"Ga ni nan, angona. Ka buɗe."